Kafin Saƙo Ya Isa Arikya: Yadda Ake Auna Takardar da Na'ura Ke Karantawa

Duk kamfanin da ya buɗe hanyar aika saƙo don wasu su riƙa amfani da ita yakan haɗa ta da takardar bayani. A cikinta ake faɗin yadda za a rubuta lambar wayar da za a tura wa saƙo, yadda za a tsara saƙon, abin da za a biya, da amsar da za a samu in saƙon ya tafi ko ya maƙale a hanya. Shekara da shekaru masu rubuta manhaja ne kaɗai ke karanta irin wannan takarda. Yanzu ta sami sabon mai karatu, wato wakilin ƙirƙirarriyar basira: manhajar da ake gaya wa aiki da maganar yau da kullum, ta tsara matakansa da kanta, ta kuma ɗauki wasu manhajoji ta yi aiki da su har ta gama. In aikin ya haɗa da tura saƙon tes ko na WhatsApp ko na Telegram, takardar ce madogarar wakilin. Abin da ta faɗa zai bi, inda ta yi shiru kuwa zai cike da zato. Shi ya sa auna ingancinta ya zama aiki mai zaman kansa, kuma ba na 'yan kwamfuta kaɗai ba, domin wanda saƙonsa ya ɓace shi ke ji a jikinsa.

Al'amarin bai daɗe ba. A watan Yunin 2023 kamfanin OpenAI ya fito da tsarin da ke bai wa manhajarsa damar kiran wasu kayan aiki. A watan Nuwamban 2024 kuma kamfanin Anthropic ya fitar da wata ƙa'ida da ake kira MCP, wadda manyan kamfanoni da dama suka runguma daga baya. A ƙarƙashinta kowane kayan aiki yana zuwa da abu uku: suna, ɗan taƙaitaccen bayanin abin da yake yi, da fasalin bayanan da za a ba shi. Ke nan takardar bayani ta kasu gida biyu. Akwai babbar takarda a shafin intanet na kamfani, irin ta Twilio na Amurka, ko Africa's Talking na Nairobi, ko Termii na Legas. Akwai kuma 'yan layukan da ake ajiye wa wakili a gabansa lokacin da yake bakin aiki. Na biyun ya fi gajarta, kuma shi ya fi bukatar sa ido, don sau da yawa shi kaɗai wakilin zai gani. Tun a 2023 masu bincike a Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley, a wani aiki da suka sa wa suna Gorilla, suka nuna cewa irin waɗannan manhajoji kan ƙirƙiro umarnin da babu shi sam, kuma kuskuren yana raguwa in aka kawo musu takardar da ta dace a lokacin da suke bukatarta.

Injiniya in ya ga giɓi a takarda zai tambayi abokin aikinsa, ko ya kira ofishin kamfanin, ko ya tura saƙon gwaji zuwa wayarsa ya gani da idonsa. Wakili ya fi kama da yaron aike baƙo a gari, mai saurin ƙafa, mai biyayya, wanda ba ya son ya dawo ya ce bai gane ba. In aka ce ya kai gidan Malam, ba a ce wane Malam ba, zai miƙa wa na farkon da ya tarar ya dawo ya ce ya kai. Abin da ya fi muni, wakili na iya yin irin wannan aike sau dubu kafin wani ya ankara.

Abin da ya haɗa batun da Arikya

Arikya gari ne kuma mazaɓa a ƙaramar hukumar Lafiya, inda babban birnin Jihar Nasarawa yake. Ƙasar Lafiya ƙasar noma ce: doya, riɗi, agushi, rogo, shinkafa da masara. Al'ummomi da yawa ke zaune a cikinta, Eggon, Alago, Migili, Gwandara, Barebari, Fulani da sauransu, kuma Hausa ce harshen kasuwa da ya haɗa su. Duk mai son ya isar da sanarwa ga jama'a da yawa a wannan yanki, in ba ta rediyo ko ta bakin mai unguwa ba, to ta waya zai bi, kuma da Hausa zai rubuta.

Manoman Najeriya sun riga sun ɗanɗana abin da ke faruwa in rabo ya rataya a kan saƙon waya. A 2012, lokacin da Akinwumi Adesina ke ministan noma, gwamnatin tarayya ta fara shirin GES, wanda kamfanin Cellulant ya gina masa tsarin waya. Manomin da ya yi rajista yana samun saƙon tes da ke ce masa ya je cibiya ya karɓi buhu biyu na takin zamani a rabin kuɗi, da iri. Shirin ya kai ga miliyoyin manoma, amma daga cikin koke-koken da aka fi ji akwai rashin sabis a ƙauyuka da saƙon da ke zuwa a makare ko ya ƙi zuwa. A wancan lokaci mutane ne ke danna maɓallin turawa. Yau ana shirin miƙa wannan maɓalli ga na'ura. Ƙungiyar Digital Green ta kawo manhajarta Farmer.Chat Najeriya don amsa tambayoyin noma, kuma a watan Satumban 2025 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da N-ATLAS, manhajar harshe da ke jin Hausa, Yarbanci, Ibo da Turancin Najeriya.

Don a ga abin kusa, a ɗauka wata ƙungiyar manoman riɗi a Arikya mai mambobi 400 ta ɗora wa wakili aikin sanar da su ranar taro, farashin kasuwa, da hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa kowace shekara. Da wannan aiki za a auna takardar, ba da kyan shafinta ba.

Lamba da haruffa

Abin da ake fara dubawa shi ne lamba. Ɗan Najeriya yana rubuta lambarsa da alƙaluma 11, ta fara da sifili. Yawancin hanyoyin aika saƙo kuwa tsarin ƙasa da ƙasa suke so, wanda ake kira E.164: a cire sifilin, a sa 234 a gaba. Wasu na son alamar tarawa kafin 234, wasu ba sa so. Takardar kirki tana faɗin wanne take so, ta ba da misali, ta kuma faɗi abin da zai faru in an kawo wani fasalin dabam: za a gyara ne, ko za a ƙi karɓa, ko za a karɓa a cire kuɗi saƙon ya bi ruwa. Duk wanda ya taɓa ganin jerin sunayen ƙungiya da aka buga a Excel ya san manhajar kan haɗiye sifilin farko ba tare da ta gaya wa kowa ba, don haka gurɓatattun lambobi ba baƙin abu ba ne. Sannan tun watan Afrilun 2013 aka ba mutum damar sauya kamfanin layi ya riƙe lambarsa, ke nan 0803 ba ta ƙara zama shaidar cewa layin na MTN ne. Takardar da har yanzu ke koyar da gane layi daga farkon lamba ta tsufa.

Inda ya fi dacewa mai jin Hausa ya tsaya ya duba da kyau shi ne batun haruffa. An tura saƙon tes na farko a Ingila ranar 3 ga Disamban 1992, kuma girman gurbin da ke ɗaukarsa bai canza ba har yau. In duk haruffan saƙo suna cikin jerin da tsarin GSM ya tanada, gurbi ɗaya yana ɗaukar haruffa 160. A Turai aka tsara wannan jeri. Akwai haruffan Faransanci da Jamusanci a ciki, da wasu na Girkanci, da alamar fam da ta dala, amma babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu kuma alamar naira. Da zarar harafi ɗaya tak da ba ya cikin jerin ya shiga, saƙon gaba ɗaya yana komawa wani tsari da ake kira UCS-2, inda gurbi ke ɗaukar haruffa 70 kacal. In saƙon ya wuce gurbi ɗaya ana yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ta ɗauki 153 a tsari na farko, 67 a na biyu, kuma kowace gunduwa kuɗinta dabam. Daga baya an ƙara jeri na musamman don Turkanci, Sifaniyanci, Fotugisanci da harsuna goma na yankin Indiya da Pakistan. Hausa ba ta samu ba.

Lissafin a fili yake. Sanarwa mai haruffa 150 zuwa ga mambobi 400 gunduwa 400 ce. In aka sa ƙ guda a cikinta, kowane saƙo ya zama gunduwa uku, jimilla 1,200. Kuma wakilin da ya iya Hausa sosai shi ya fi faɗa wa wannan tarko, domin zai rubuta kowane harafi da lanƙwasarsa kamar yadda ƙa'idar rubutu ta tanada. Ko waƙafin sama da ke cikin "'ya'ya" yana da nasa: miƙaƙƙen yana cikin jerin GSM, lanƙwasasshen da manhajoji ke son sawa ba ya ciki.

Hanyoyin aika saƙo ba su da matsaya ɗaya a kan wannan. Wasu na sauya tsarin da kansu su ninka kuɗi. Wasu na bukatar a gaya musu tun farko, in ba haka ba harafin ya isa waya a matsayin alamar tambaya ko ɗan murabba'i. Wasu na musanya wasu alamomin da makusantansu. Gaskiya ne Hausawa na rubutu a waya kullum ba lanƙwasa, kuma ana fahimtar juna. Amma a saƙon asibiti zuwa ga mai juna biyu, tazarar da ke tsakanin "ɓari" da "bari" ba abin da za a bar wa sa'a ba ne. Cire lanƙwasa ko barinta shawara ce da mai saƙo ya kamata ya yanke yana sane da kuɗin da abin da zai rasa. Takardar da ba ta ce komai a kan haruffan da ba na Turanci ba ta yanke masa shawarar a ɓoye, kuma wannan kaɗai ya isa a rage mata maki mai yawa. Takardar da ta ƙware ba ta tsaya ga bayani ba, tana nuna wa wakili yadda zai san adadin gunduwa kafin ya tura.

"An tura" ba "ya isa" ba ne

Daga nan sai batun amsa. In wakili ya miƙa saƙo, kamfanin yakan mayar da amsa nan take cewa ya karɓa. Wannan amsa ba ta nufin saƙon ya shiga wayar kowa. Tsakanin karɓa da isarwa akwai matakai: saƙon na jiran layi, an miƙa shi ga kamfanin waya, ya isa, ko bai isa ba. A WhatsApp akwai ƙarin mataki na cewa an karanta. Rahoton isarwa yana zuwa ne daga baya, wani lokaci bayan daƙiƙoƙi, wani lokaci bayan sa'o'i, ta wata ƙofa dabam da sai an shirya mata. Saƙon tes yakan zauna a cibiyar kamfanin waya yana jiran wayar ta kunnu, zuwa wani wa'adi, sannan a jefar da shi.

A karkara wannan ne ainihin matsalar. Manomi na iya wuni a gona inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, ko wayarsa ta kwana a shagon caji a kashe. Wakilin da takardarsa ta ce masa kawai "nasara" zai rubuta wa shugaban ƙungiya cewa an sanar da mutum 400, alhali bai san ko ɗaya ya gani ba. Ba ƙarya ya yi niyya ba, abin da aka rubuta masa ya maimaita. Don haka ana duba ko takardar ta jera duk matakan da sunayensu, ta fassara kowanne, ta faɗi wanne ne na ƙarshe, da tsawon lokacin da ya kamata a jira kafin a fitar da rai. Ana kuma duba ko ta yi gaskiya game da cewa ba kowane layi ke mayar da rahoto abin dogaro ba.

Dokokin gida ma suna da nasu. Ranar 1 ga Yulin 2016 Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta fara aiki da lambar 2442, wadda mutum ke tura wa kalmar STOP don a daina damunsa da saƙonnin talla. Tun daga nan hanyar tura saƙo mai yawa a Najeriya ta rabu biyu. Akwai hanyar talla, wadda ba ta shiga layin da ya kulle kansa, akwai kuma hanyar saƙonnin hulɗa irin alat na banki da lambar sirri ta wucin gadi, wadda ke shiga, amma sai an yi rajistar sunan mai aikawa an amince. Sanarwar taron ƙungiya da ta bi hanyar talla ba za ta kai ga mamban da ya taɓa tura STOP shekaru biyar baya don ya gaji da tallan waƙoƙi ba. Bayan haka akwai layin da ke tsayar da saƙonnin talla daga ƙarfe 8 na dare zuwa 8 na safe. A nan wani ƙaramin giɓi ke zama babba: in takarda ta ba da damar tsara lokacin turawa ba ta faɗi da wane agogo take aiki ba. Duk mai sauraron rediyo ya san bakwai da rabi agogon GMT takwas da rabi ne agogon Najeriya da Nijar. Wakilin da bai san wanne ake nufi ba zai iya jera saƙonninsa rabin awa bayan an rufe ƙofa. Kamfanonin cikin gida sukan fi bayyana irin waɗannan abubuwa a fili. Na waje kuwa kan ajiye su a wani shafi na ƙasa-ƙasa, nesa da inda aka yi bayanin turawa, kuma wanda ya taƙaita wa wakili takardar yakan manta da shi.

WhatsApp ma na da ƙa'idarsa. Kamfani ko ƙungiya na iya rubuta wa mutum abin da take so ne kawai cikin sa'o'i 24 daga saƙon ƙarshe da mutumin ya turo. Bayan nan sai da samfurin saƙo da kamfanin Meta, mai WhatsApp, ya riga ya amince da shi, in ba haka ba a dawo da lambar kuskure 131047. Saƙon murya, wanda mutane da yawa suka fi so a kan rubutu, yana da iyakar girma ta megabait 16 da nau'o'in fayil da aka yarda da su. A Telegram kuwa manhaja ba ta iya fara yi wa mutum magana sai shi ya fara.

Lokacin da abu ya lalace

Mafi daraja a takardar bayani shi ne inda take maganar gazawa, kuma nan ne aka fi yi wa rowar tawada. Amsar kuskure da ta ce "ba a yi nasara ba" ba ta koya wa wakili komai, sai ya sake gwadawa ko ya sauya wani abu da ka. Amsa mai amfani tana faɗin abin da ya faru da abin da za a yi: lambar ba daidai ba ce, kada a sake, kuɗi sun ƙare, a sanar da mutum, an yi gaggawa da yawa, a jira. Telegram misali ne mai kyau ta wannan fuska, domin in manhaja ta wuce iyaka yakan dawo da lamba 429 tare da adadin daƙiƙoƙin da za a jira. Sai dai ita kanta iyakar, kusan saƙo 30 a daƙiƙa, a shafin tambayoyi da amsoshi aka fi bayyana ta, wanda ke nuna cewa mai auna takarda dole ya duba ko muhimman bayanai na wuri ɗaya ko a warwatse suke.

Tambaya mafi nauyi a nan ita ce ta maimaitawa. Intanet ya yanke bayan wakili ya miƙa saƙo, amsa ba ta dawo ba. Saƙon ya tafi ko bai tafi ba? In ya sake turawa, mutum 400 na iya samun saƙo biyu, kuɗi su ninku. In kuma saƙon na cewa a zo a karɓi wani abu ne, ruɗani ya shiga. Maganin da aka sani shi ne a bai wa kowane aike lambar shaida tasa, ta yadda in an maimaita shi kamfanin zai gane ya ƙi yi sau biyu. Kamfanin biyan kuɗi na Stripe na daga waɗanda suka yi suna da wannan tsari, amma ba kowace hanyar aika saƙo ke da shi ba. Takarda dole ta faɗi akwai ko babu, in babu kuma ta nuna yadda za a bincika kafin a sake. A gyaran da aka yi wa ƙa'idar MCP a watan Maris na 2025 an ƙara wasu alamomi da ke nuna ko kayan aiki karatu kawai yake yi, ko yana iya ɓarna, ko maimaita shi ba ya cutarwa. Ƙa'idar da kanta ta yi gargaɗin cewa waɗannan alamomi faɗar mai kayan ce, ba a dogara da su sai an amince da shi.

Sai batun tsufa. Ranar 1 ga Yulin 2025 Meta ya sauya yadda yake cajin saƙonnin kasuwanci na WhatsApp, daga lissafin zance zuwa lissafin kowane saƙon samfuri. Wakilin da aka horar da rubuce-rubucen da suka gabaci wannan rana yana ɗauke da tsohon bayani a kansa, kuma zai yi aiki da shi cikin natsuwa in ba a nuna masa sabo ba. Shi ya sa ake neman kwanan wata a kowane shafi, da lambar bugu, da jerin canje-canje, da sanarwar abin da za a daina. Siffar takardar ma abin dubawa ce. Shafi mai cike da hotuna da maɓallan da sai an danna bayani ya fito yana yi wa mutum kyau, amma na'ura na iya ganinsa fanko. Tsarin OpenAPI yana ba da damar rubuta bayanin a fasalin da na'ura ke karantawa kai tsaye, kuma a watan Satumban 2024 Jeremy Howard ya ba da shawarar fayil mai suna llms.txt, wanda ke tara bayanin shafi a rubutu zalla. Tsawo ma na da iyaka, domin abin da wakili ke iya riƙewa lokaci guda ƙayyadadde ne, kuma gargaɗin da aka binne a tsakiyar dogon rubutu yakan wuce shi.

Akwai kuma ɓangaren amana. Hanyar saƙo tana fita tana kuma shigowa, kuma duk wanda ya san lambar ƙungiya zai iya rubuto mata. Wani na iya turo cewa a sanar da mambobi an sauya asusun da za a biya kuɗin taki, ga sabon. Wakilin da bai bambance saƙon baƙo da umarnin mai gida ba zai iya aiwatarwa. Masanin manhaja Simon Willison na daga waɗanda suka fara jan hankali a kan wannan hatsari tun Satumban 2022, kuma har yanzu ba a sami maganinsa na ƙarshe ba. Abin da ake nema a takarda shi ne ta nuna yadda ake tabbatar da cewa saƙo mai shigowa daga kamfanin ya fito, yadda ake rage ikon mabuɗin sirri da aka ba wakili don shiga hanyar saƙon, yadda ake sa iyakar kuɗi, da inda za a tsaya a nemi amincewar mutum kafin a tura wa jama'a. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗora nauyi a kan duk mai riƙe da lambobin mutane, har da sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC cikin sa'o'i 72 in an sami ɓarakar da ka iya cutar da su. Takardar da ba ta faɗi ƙasar da ake ajiye saƙonni ba, da tsawon lokacin ajiyar, da yadda ake goge su, ta bar ƙungiya da alhakin da ba ta da hanyar saukewa.

Gwajin kansa

Karanta takarda da ido yana nuna rabin abin ne kawai. Ragowar sai an gwada, kuma gwajin bai fi ƙarfin ƙaramar ƙungiya da ɗalibin kwamfuta guda daga Jami'ar Tarayya ta Lafiya ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Isa Mustapha Agwai ba. Ana rubuta ayyuka na gaske kamar guda goma, da irin maganar da sakataren ƙungiya zai yi. A ba wakili takardar ita kaɗai, ba tare da an taimaka masa da wani bayani daga gefe ba. A maimaita kowane aiki sau da yawa, domin waɗannan manhajoji ba sa ba da amsa iri ɗaya kullum, kuma nasara sau ɗaya na iya zama dace. A cikin ayyukan a sa masu tarko da gangan: lamba mai alƙaluma goma, saƙo mai ƙ da alamar naira, umarnin turawa da ƙarfe tara na dare, yanke intanet a tsakiyar aiki, da wanda bai kamata a yi shi ba sam, don a ga ko wakilin zai tsaya ya tambaya.

Filin gwajin da kamfanoni ke bayarwa kyauta yana da amfani a farko, amma ba ya kwaikwayon layin da ya kulle talla ko wayar da ke kashe. Don haka ana bukatar wayoyi na gaske: layin MTN, Airtel, Glo da 9mobile, wanda ya koma T2 a 2025, ɗaya da aka tura STOP zuwa 2442, ɗaya da aka sauya masa kamfani, da ƙaramar waya mai tocila, domin a kanta za a ga ko lanƙwasar harafi ta fito ko ta zama murabba'i. Ya fi kyau wasu wayoyin su kasance a Arikya, ba a cikin garin Lafiya kusa da ƙarfen sabis ba, a kuma kashe ɗaya ta wuni a kunna ta da yamma.

Ana rubuta abu huɗu gefe da gefe: abin da takarda ta ce zai faru, abin da wakili ya yi, abin da ya ba da rahoton ya faru, da abin da ya bayyana a fuskar wayar, haɗe da kuɗin da aka cire. In na farko ya saɓa da na huɗu, takardar ba ta faɗi gaskiya ba. In na biyu ya kauce, sai a karanta bayanan aikin layi-layi a gano jimlar da ta ruɗa shi ko wadda babu ita. Mafi hatsari shi ne saɓanin na uku da na huɗu, inda wakili ya ce an isar alhali wayar ba ta ga komai ba, don wannan kuskure ne da ba wanda zai gani sai ranar taro. Hanya mai sauƙi ta raba laifin takarda da na wakili ita ce a gyara jimla ɗaya a sake gwaji, ko a ba wakilai biyu na kamfanoni dabam-dabam takarda ɗaya. In duka biyun suka yi tuntuɓe a wuri guda, takardar ce. Sau da yawa gyaran bai wuce layi biyu ba: maimakon "yana aika saƙo", a rubuta cewa lamba ta fara da 234 ba sifili, haruffa masu lanƙwasa na rage gurbi zuwa 70, amsar farko karɓa ce ba isarwa ba, kuma kada a maimaita sai an duba matsayin na baya.

Sakamakon gwaji yana da wa'adi. Ana sake shi duk lokacin da kamfanin saƙo ya fitar da sabon bugu, ko aka sauya manhajar da wakili ke gudana a kanta, ko NCC ta fito da sabuwar ƙa'ida. Ga ƙungiyar manoma, lokacin da ya fi dacewa shi ne makonni kafin faɗuwar damina da kuma gab da kakar riɗi, sa'ad da sanarwa ke yawaita kuma jinkirin kwana biyu ke iya sauya farashin da manomi zai sayar.